Tsakiyar Inna

Injamena gari ne da ba shi da dutse. Wanda ya tashi a Kano, ko Zariya, ko Damagaram, inda yaro ke fita ƙofar gida ya tsinci abin jifan kare, zai ɗauka zance nake. Amma ka zaga unguwarmu ta Amrigebe tun daga bakin kwalta har lungu na ƙarshe, duk abin da ka taka laka ce ko yashi, ko ɓaraguzan bulo. Kogin Shari da na Logon ne suka shimfiɗa ƙasar da garin ke zaune a kai, kuma kogi in ya yi tafiya mai nisa ba ya iso da dutse, sai garinsa. Tsakuwar da ake zuba wa kankare a mota ake kawo ta daga Dandi, can wajen Tafkin Cadi, tafiyar wajen kilomita 100. Manyan duwatsu kuwa sai ka nausa gabas, ƙasar Gera, inda har mutanen wurin ake kira Hajarai, wato mutanen dutse. Shi ya sa a nan dutse dukiya ne. In ka ga dutse a gidan mutum, to wani ne ya ɗauko shi, kuma akwai dalili.

A gidanmu duwatsu iri biyu na tashi na tarar. Na farko dutsen niƙa, wanda maƙwabtanmu masu Larabcin Cadi ke kira murhaka. Na biyu tsakiyar Inna, ja mai duhu kamar ɓawon goro, zare guda mai ƙwaya 41, wadda ta gada daga mahaifiyarta. Ita kakar tamu a kasuwar Kurmi aka saya mata tsakiyar cikin kayan aure, kafin su kamo hanyar Makka a ƙasa ita da mijinta, guzuri ya ƙare musu a nan lokacin garin yana Farlami, suka ce bari su huta shekara guda. Hutun da ba su tashi ba ke nan. Hausawa da yawa na Cadi haka asalin zamansu yake.

Ni sana'ata sa tayil ce, wanda a nan muke ce wa karo. Shekara ashirin da wani abu ina yanka abu mai tauri da abin da ya fi shi tauri, don haka batun wane ne ke cin wane ba a littafi kaɗai na san shi ba. Amma littafin ma ya taimaka. A lakwal aka fara gaya mana labarin wani Bajamushe, Friedrich Mohs, wanda a 1812, yana aiki a birnin Graz na Ostiriya, ya jera duwatsu goma daga mafi laushi zuwa mafi tauri. Dabararsa ba ta buƙatar na'ura: ka goga wannan a jikin wancan, wanda ya karce ɗan'uwansa shi ne babba. A ƙasa ya sa dutsen da ake yin hodar jarirai da shi, lamba 1. A sama daiman, wanda rediyo ke ce wa lu'ulu'u, Larabawa su ce almas, lamba 10. Yaƙutu na 9. Farin dutsen ƙanƙara, irin wanda tsofaffi ke ƙyasta wuta da shi, wanda kuma shi ne mafi yawan ƙwayar yashi, na 7. Sauran abubuwan duniya sai aka riƙa cusa su a tsakani. Farcen mutum biyu da rabi ne, shi ya sa yake karce kanwar da ake kawowa daga Kanem. Zinariya tsantsa ba ta wuce 3 ba. Haƙori 5. Wuƙa da kwalba wajen biyar da rabi. Magagari wajen shida da rabi.

Ka riƙe lambar nan 7, mai karatu, don ita ce masifar garin nan. Duk abin da bai kai 7 ba, yashi na cinsa. Gilashin mota da ya yi dishi-dishi, fuskar wayar da ka saya jiya yau ta yi zane, tabarau da ka goge da bakin riga lokacin hunturu, duk aikin ƙwayar yashi ne. Mutane na zargin makulli ko tsabar kuɗi a aljihu, alhali waɗannan ba su kai taurin gilashin waya ba. Ƙurar da ta maƙale a ɗinkin aljihun ita ce mai laifin.

Jerin Mohs yana da wata yaudara da ya kamata a faɗa. Tsani ne da matakansa ba daidai suke ba. Daga 9 zuwa 10 taki ɗaya ne a takarda, amma in an auna da na'ura, daiman ya ninka yaƙutu tauri wajen sau huɗu. Kuma tauri daban, jure duka daban. Daiman da babu abin da ke karce shi, in ka same shi ta inda jijiyarsa take, bugu ɗaya ke raba shi. Haka aka yi wa Cullinan, wanda aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905 mai nauyin karat 3,106: a 1908 Joseph Asscher ya ɗora masa wuƙar ƙarfe a Amsterdam ya buga, ya rabe. Ƙarfen da bai isa ya yi masa ko zane ba, shi ya tsaga shi.

Faifan da nake yanka karo da shi, ƙananan ƙwayoyin daiman ne aka dasa a bakin ƙarfe. Ba na haƙowa ba ne, na masana'anta ne, irin wanda kamfanin General Electric na Amurka ya fara sarrafawa a ƙarshen 1954. Yaran da ke koyon aiki a hannuna kullum mamaki suke in faifan ya ƙare. Ai sun ji an ce daiman ba ya cinyewa. Yana cinyewa mana. Kowace ƙwaya tana karo da karo sau dubbai a minti guda, gefenta na ɓantarewa kaɗan-kaɗan, zafi na taimakawa, har ta zama mulmulalliya. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne bulon siminti mai laushi ya fi karo mai tauri saurin cinye faifai, domin yashin bulon yana zaizaye ƙarfen da ke riƙe da ƙwayoyin, sai su zube da sauran ƙarfinsu. Karo mai tauri kuwa sai ya dakushe ƙwayoyin ya bar ƙarfen, faifan ya yi sulɓi, yana juyawa yana kuka ba ya ci. Maganinsa ka yanki tsohon bulo sau biyu ko uku, ƙarfen ya ɗan zaizaye, sababbin ƙwayoyi su fito. In kuma yaro ya yi gangancin sa shi a rodi, ya jawo mini asara, don daiman da ƙarfe in zafi ya haɗa su, ƙarfen shanye shi yake yi.

Ranar da na fara yin dabarar bulon nan a gaban Inna, dariya ta yi ta ce, "Ashe kai ma koɗa kake yi." Gaskiyarta. Dutsen niƙa ma haka yake. Gero ba shi da taurin da zai ci dutse, amma ɗan dutsen da uwar suna goga juna, yau da gobe, sai fuskar ta yi santsi ta daina kama ƙwaya. Sai a ɗauko makoɗi a bi ta da sara, ƙwas ƙwas ƙwas, har kaushi ya dawo. Kowace koɗa tana tafiya da wani abu. Namu, da na auna da igiyar awo, tsakiyarsa ta yi rami mai zurfin yatsa huɗu. Ina dutsen da ya bar ramin ya tafi? Wani a ƙasa lokacin koɗa, wani kuwa mun cinye shi a tuwo. Wanda ya taɓa jin garas a haƙori ya san abin da nake nufi, kuma haƙori 5 ne, ƙwayar dutsen 7. Masu binciken gawarwakin Misirawan dā sun tarar haƙoransu sun siɗe ƙwarai saboda yashin da ke cikin gurasarsu. Tsofaffinmu da suka rayu kan niƙan hannu, in ka lura da turamen haƙoransu, a shafe suke kamar an bi su da magagari. Injin niƙa na unguwa bai raba mu da wannan ba, ya dai canza mana abin ci: yanzu faifan ƙarfe ne ke cinyewa, mai inji ya kai a fiƙe masa, garin ƙarfen kuwa yana cikin ƙullu.

To, Allah ya yi wa Inna rasuwa bayan damina ta 2022, shekarar da ruwa ya addabi garin nan. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Mu huɗu ta bari: Yaya, ni, ƙanwata mai bi na, sai Auta. Ba ta bar abin kirki ba in ban da tufafi, kwanuka, 'yan kunne na zinariya guda biyu, da tsakiyar nan. Malamin da ya zo rabon gado ya ce a yi wa kowane abu kima, a kasa shida, maza kashi biyu-biyu, mata ɗaya-ɗaya. Zinariya ba ta ba da wahala ba, an kai wa maƙeri ya goga a baƙin dutsensa ya ɗiga ruwan gwaji ya ɗora a sikeli. Tsakiya ce ta tsaya mana.

Yaya yana son a sayar. Ba don rashin ƙauna ba. Ruwan sama ya kwana uku a ɗakinsa a daminar da ta wuce, bangon gabas ya tsage, kuma in bai cike tsakar gidan ya ɗaga daɓe kafin wata damina ba, ya san abin da ke jiransa da 'ya'ya bakwai. Ya kawo wani dillali mai sayen tsofaffin duwatsun ado. Mutumin ya juya zaren a tafin hannu, ya ɗaga a rana, ya taɓe baki ya ce yawanci kwalba ce, 'yar kaɗan ce ta gaske, ya faɗi kuɗin da bai kai na buhun gero biyu ba. Ƙanwata ta fizge zaren ta ce tsakiyar da aka saya a Kurmi tun kafin a haifi ubansa ba za a kira ta kwalba a gidan nan ba. Magana ta yi zafi. Sati biyu ita da Yaya ba sa gaisawa sai a gaban baƙi.

Ni dai na san duka biyun na iya yiwuwa. Tsakiya ta gaske dutse ne dangin ƙanƙara, taurinta shida da rabi zuwa 7. Tun dā ana sassaƙa ta a Kambay ta ƙasar Indiya, ta biyo ta Misira da hanyar alhazai ta iso kasuwanninmu. A ƙarni na 19 mutanen Idar-Oberstein a Jamus suka shiga cinikin da dutsen da suke samowa daga Barazil. Daga baya masu aikin gilashi na Gablonz a Bohemiya, cikin ƙasar Cek ta yau, suka riƙa zuba narkakkiyar kwalba ja a mazubi suna kwaikwayonta, suna turo wa Afirka. Sun iya aikinsu. A ido, musamman in abu ya tsufa ya sha maiƙon jiki, sai gwani.

Na ce a bar ni in gwada. Ƙanwata ta ce, "Yaya ƙarami, in magagari za ka sa wa kayan Inna, ban yarda ba." Tana da hujja. Aibin gwajin tauri ke nan, sai an ji wa wani rauni kafin a san gaskiya. Amma ana iya zaɓar wanda zai ji raunin. Na ce ba zan karci tsakiyar ba, ita ce za ta yi kartar. Na aiki yaro ya samo kwalbar lemo, muka shimfiɗa farin zane a tsakar gida, na tsinke zaren, na jera ƙwayoyin yadda suke a jere don kada a rikita. Goggo, ƙanwar mahaifinmu, tana zaune a kan tabarma a gefe tana jan carbi, ba ta ce uffan ba.

Ga yadda ake yi, ko wani zai buƙata. Ka kama ƙwayar ka sami gefen da ke da ɗan kaifi, galibi bakin huda, ka danna a jikin kwalbar ka ja kamar tsawon farce. Dutse na gaske za ka ji ya kama, yana ƙara siririya, hannunka ma zai gaya maka. Kwalba a kan kwalba kuwa zamewa take yi. Sannan kada ka yarda da farin layin da ka gani sai ka shafe shi da jiƙaƙƙen yatsa. In ya tafi, garin ƙwayar ne ya zauna a kan kwalbar, wato ƙwayar ce ta sha kashi. In ya zauna har farce na faɗawa ciki, to an karce kwalbar. Wadda ta ba ni shakka, sai in ɗaga ta a rana in duba da madubin mai gyaran waya: kwalba takan ɓoye 'yan kumfa a ciki, wani lokaci da ɗan layi a gefe inda mazubi ya haɗe, dutse kuwa jijiyoyi gare shi kamar gajimare. In ka ɗora a kunci ma, dutse ya fi daɗewa da sanyi.

Ta farko ta karce. Ta biyu ta karce. Ta uku ta karce. Ƙanwata ta dubi Yaya. Ta huɗu ta zame.

Na sake ja, ta sake zamewa. Na ajiye ta gefe. Muka ci gaba, ba mai magana, sai kukan dutse a jikin kwalba. Da muka kai ƙarshe, 30 na dama, 11 na hagu. Dillali ya yi ƙarya da ya ce yawanci kwalba ce, amma ita ma ƙanwata ba ta samu yadda take so ba. Ta zauna tana kallon goma sha ɗayan nan kamar sun zage ta. Ta ce to ashe tun a Kurmi aka cuci kakarmu.

A nan ne abin da na sani na cinyewar abubuwa ya hana ni yarda. Na ɗauki ɗaya daga dama na duba. Tsohuwar tsakiya tana da alamunta: jikinta cike da 'yan ƙananan tabo masu siffar jinjirin wata, na karo da 'yan'uwanta shekara da shekaru, kuma bakin hudar ya buɗe ta gefe guda, ya yi ɗan kwari mai santsi inda zare ke kwanciya. Zaren auduga ba ya cin dutse. Ƙurar da ke shiga zaren ce ke ci, zaren jan ta kawai yake yi, kamar yadda igiyar guga ke yanka bakin rijiya. Kafin zare da ƙura su yi wa dutse mai taurin 7 irin wannan kwari, sai an haifi mutum ya tsufa. Talatin ɗin nan duka suna da shi, kusan iri ɗaya. Sai na ɗauki na kwalbar. Kawunansu biyu sun cinye sosai, sun lotsa, don kowace tana tsakanin duwatsu biyu da suka fi ta tauri suna goga ta dare da rana. Amma hudarsu ba ta yi kwarin da ya kamata ba. Kwalba ta fi dutse laushi. Da tare suka fara tafiya a zare ɗaya tun Kurmi, da hudar kwalbar ta fi ta dutsen buɗewa nesa ba kusa ba, wataƙila ma da ta tsage. Na ce musu waɗannan ba sa'o'in waɗancan ba ne. Daga baya suka shigo. Kuma ga jerin da na ajiye: ba a tare suke ba, an raba su ne, bayan kowace biyu ko uku ta gaske sai ɗaya, yadda ido ba zai tsaya a kansu ba. Mai cuta a kasuwa ba ya zama ya yi wannan lissafi don zaren da zai rabu da shi yau.

Sai Goggo ta ajiye carbi. Ta ce, "Kai ɗan nan, ka cika bincike." Ta yi shiru, sannan ta faɗa mana.

A 1980, da yaƙi ya sake ɓarkewa a garin nan a watan Maris, muna zaune a Marjan Daffak ne, ba mu dawo Amrigebe ba tukuna. Sunan unguwar ma da Larabcin nan yana nufin murjani ya zube. Mutane suka yi ta tsallaka kogi a kwalekwale zuwa Kusuri ta Kamaru. Inna ta tsallaka da Yaya a hannu, ni a kafaɗar Goggo, ƙanwata a goye, tsakiyar ɗaure a ƙugu ƙarƙashin zane. Mahaifinmu ya tsaya gadin gida, wata huɗu ba labarinsa. Abincin agaji ba kullum yake isa ba, ƙanwata kuma ta kamu da gudawa. A kasuwar Kusuri akwai wani tsoho mai kayan koli da ya san tsakiya. Inna takan je ta cire ƙwaya ɗaya ta sayar masa, ta sayi ta kwalba a wurinsa da ɗan canji, ta dawo cikin dare ta sake shirya zaren. Goggo ta ce ta tambaye ta, tunda sayarwa take, me ya sa take ɓata kuɗi a kan na bogi? Ta ce uwarta ta ba ta 41, kuma ba ta son mahaifinmu, in Allah ya sa yana raye, ya ƙirga ya san abin da zaman ya ci. Sau goma sha ɗaya ta je. Da aka dawo, an kwashe komai na gidan har ƙyauren ɗaki, dutsen niƙa kaɗai aka bari don ba mai iya gudu da shi. Mahaifinmu ya rayu shekara goma sha tara bayan haka, bai sani ba.

Ƙanwata ta tashi ta shiga ɗaki. Yaya ya bi ta, na ji yana cewa, "Haba, ke kuwa," daga nan ban ƙara jin abin da suka ce ba.

Washegari malam ya dawo. Talatin ta kasu shida ba saura, biyar-biyar, sai dai ba girmansu ɗaya ba, don haka aka haɗa manya da ƙanana a kowane kashi aka yi ƙuri'a. Yaya ya ɗauki gomansa ya kai wa wani mai saye daban a Babbar Kasuwa, da kwalbar lemon a aljihu, ya karce ta a gabansa. Abin da ya samu ya fi abin da dillalin farko ya yi wa zaren gaba ɗaya. Ya ƙara da kasonsa na zinariya ya sayi ƙasar ciko da 'yar tsakuwar Dandi, ya ɗaga daɓen ɗakunansa taki guda. Ni ne na sa masa karon. Nawa goman na ba matata ajiya saboda 'ya'yana mata.

Na kwalbar, malam ya ce ba su da kimar da za a kasa, duk mai so ya ɗauka in sauran sun yafe. Ƙanwata ta ce ita za ta ɗauka, tunda da su aka sayi maganinta. Ta so ta mayar da su zare ɗaya da biyar ɗinta na gaske. Na ce mata in ta yi haka duwatsun za su ci gaba da cin su, biyu ma sun riga sun yi siririn baki, ba za su ƙara shekara goma ba. Auta ce ta kawo dabarar da masu shirya murjani ke yi: a ƙulla zaren tsakanin kowace ƙwaya da ta kusa da ita, yadda ba za su taɓa juna ba. Sun yi yamma guda suna ƙullawa, su biyu, da zaren lilo ninki huɗu. Ƙwaya 16 ba ta zagaye wuya, sai ta tsaya a abin hannu mai zagaye biyu, kuma ƙullin ya sa ta ɗan yi tsauri, ba ta kwanciya kamar ta Inna. Da shi take zuwa biki yanzu.